Zagaya tsofaffin biranen Maroko da mota: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu niyyar zagaya Rabat, Maknas, Fas, Tafilalt (yankin garin Risani a kudu) da Marrakesh ta hanyar mota suka fi maimaitawa. An fara da tsarin tafiyar, sannan takardu da mota, sannan garuruwan kansu.

Wace hanya ake bi, kuma tsawonta ya kai nawa?

Zagayen da ya fi dacewa yana farawa daga Kasabalanka, inda babban filin jirgin sama yake. Daga nan sai Rabat (kusan kilomita 90), sai Maknas (kusan 150), sai Fas (kusan 60). Daga Fas ake karkata kudu, a hau tsaunukan Atlas ta Ifran da Azru da Midelt, a gangara kwarin Ziz zuwa Rashidiyya, a isa Risani, inda kufan tsohon birnin fatauci na Sijilmasa yake. Wannan zangon kaɗai ya haura kilomita 400. Daga Risani a juya yamma ta Tingir zuwa Warzazat, a ƙetare tsaunin Tishka a sauka Marrakesh (kusan 200 daga Warzazat), sannan a koma Kasabalanka (kusan 240). Jimilla kusan kilomita 1,500, ban da 'yan ratse.

Kada kilomita ya yaudare ka. Rabin arewa babbar hanya ce mai tagwayen layi, ana gudun 120. Rabin kudu kuwa hanyar dutse ce mai layi ɗaya kowane ɓangare, inda kilomita 200 ke cin awa huɗu.

Kwana nawa ya kamata a ware?

Kwana 12 zuwa 14 shi ne daidai. Rabon da ke aiki: kwana ɗaya a Rabat, ɗaya a Maknas, uku a Fas, ɗaya a Midelt ko Rashidiyya, biyu a yankin Risani, ɗaya a Tingir ko Warzazat, uku a Marrakesh. Wanda yake da mako guda kacal ya haƙura da kudu gaba ɗaya, ya tsaya a Rabat, Maknas da Fas, ya bi babbar hanya zuwa Marrakesh. Masu cusa dukan zagayen cikin kwana bakwai suna ƙarewa ne a bayan sitiyari daga asuba zuwa dare, su shiga Fas a gajiye, su fita ba su ga komai ba sai ƙofar masauki.

Ba za a iya tuƙawa daga gida ba? Kuma daga Maroko ana iya wucewa Aljeriya da Tunisiya har Masar?

Iyakar ƙasa tsakanin Maroko da Aljeriya a rufe take tun 1994. Babu mota, babu mai ƙafa. Saboda haka mafarkin bin gaɓar teku daga Fas zuwa Tilimsan, Ƙairawan da Alƙahira a mota ɗaya ba ya yiwuwa. Mai son waɗancan biranen sai ya shirya musu tafiya daban.

Daga kudu kuwa hanya ɗaya ce ke shiga: ta Senegal, a ƙetare kogi zuwa Murtaniya, a bi Nuwakshot da Nuwadibu, a shiga ta Gargarat, a wuce Dakhla da La'ayun har Agadir. Manyan motocin kaya suna binta, amma mai tasowa daga Kano ko Yamai sai ya ratsa ƙasashe da dama, wasunsu suna fama da rashin tsaro, kuma kowace iyaka da takardun shigar da mota da inshorarta. Ga mai iyali ko mai ɗan hutu, shawara ita ce ya hau jirgi daga Legas, Abuja ko Yamai zuwa Kasabalanka, ya ɗauki hayar mota a can.

Waɗanne takardu ake buƙata?

Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, kuma ana nemanta a ofishin jakadancin Maroko da ke Abuja. Mai fasfon Nijar an ɗauke masa biza a ziyarar da ba ta wuce kwana 90 ba, amma ya tambayi ofishin jakadanci kafin ya yanki tikiti, domin akan ƙara sharaɗin izinin shiga ta intanet a wasu lokuta. A filin jirgi ana iya neman tikitin komawa da shaidar kama masauki, don haka a buga su a takarda, kada a dogara da waya.

Idan jami'i ya buga hatimin shiga, akwai lambar da ake sa wa a fasfo. Wannan lambar kowane masauki zai nema a cike a fom. A riƙe fasfon a jiki ko yaushe, ba a jakar da ke but ba, musamman a shingayen hanya. Ma'aurata su taho da takardar aurensu, domin wasu masaukai suna tambaya. Kada a saka jirgi maras matuƙi na ɗaukar hoto a kaya: kwastan suna karɓewa. Batun lasisin tuƙi yana ƙarƙashin tambayar karɓar mota.

Wane lokaci ne ya fi dacewa?

Daga Maris zuwa Mayu, ko daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba. A Yuli da Agusta zafin Marrakesh, Fas da Tafilalt yana haura digiri 40. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa dusar ƙanƙara na sauka a Ifran, Azru da Tishka, kuma akwai shingayen ƙarfe da hukuma ke rufe hanya da su har sai an share. Sanyin nan ya wuce hunturun da muka sani, kuma yawancin tsofaffin gidajen cikin birni an gina su ne don korar zafi, ba don tare sanyi ba.

A watan azumi gidajen abinci da yawa a rufe suke da rana, wuraren tarihi suna rage awanni, kuma sa'ar da ta gabaci buɗa-baki ita ce mafi haɗari a kan titi, kowa na sauri ya isa gida. Agogon Maroko daidai yake da na Najeriya da Nijar, sai a Ramadan da ake mayar da shi baya da awa ɗaya. A kula da wannan wajen lokacin tashin jirgi.

Hayar mota ta fi, ko jirgin ƙasa da bas?

Idan arewa kawai za a yi, jirgin ƙasa ya wadatar: yana haɗa Kasabalanka, Rabat, Maknas, Fas da Marrakesh, kuma ya raba ka da wahalar neman wurin ajiye mota. Mota tana nuna amfaninta ne a kufan Walili da ke kusa da Maknas, a kan tsaunuka da kudu, inda layin dogo bai kai ba. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a yi arewa a jirgin ƙasa, a karɓi mota a Fas ranar fita, a mayar da ita a Marrakesh ranar shiga. Kamfanoni suna cajin ƙarin kuɗi idan an mayar da mota a wani gari daban, amma sau da yawa bai kai kuɗin kwanakin da motar za ta yi a ajiye a bakin ganuwa ba.

Wanda ba ya son tuƙi yana da bas-bas na CTM da Supratours, da manyan tasi masu ɗaukar mutum shida tsakanin garuruwa, waɗanda ba sa tashi sai sun cika.

Me ake dubawa kafin a karɓi motar haya?

Yawancin motocin haya masu giyar hannu ne, irin su Dacia Logan da Duster. Mai son otomatik ya nema da wuri, kuma zai biya fiye. A zo da lasisin tuƙi na gida haɗe da na ƙasa da ƙasa. Abin da ya fi tsayar da mutane a kanta shi ne kuɗin jingina: kamfani yana riƙe wani adadi a katin banki mai sunan direba, kuma katin naira na yau da kullum ba kasafai yake ɗaukar wannan ba. A tanadi katin dala ko yuro, a tambayi adadin kafin ranar.

Kafin a sa hannu, a zagaya motar da waya ana ɗaukar bidiyo: kowane ƙarzane, gilashi, madubi, tayoyi huɗu, ƙasan bamba. A buɗe but a tabbatar da safayar taya mai iska, jak da sifana. A nemi takardun motar: katin mallaka, inshora, shaidar duba lafiyar mota da kwantiragin haya, domin su jandarma ke tambaya. A tambaya ko dizal take sha ko fetur. A gidan mai dizal sunansa gazwal, kuma zuba fetur a tankin dizal ɓarna ce da inshora ba ta biya. Haka nan yawancin inshorar haya ba ta ɗaukar abin da ya faru a hanyar da ba kwalta, ko da motar mai tsayi ce.

Yaya dokokin hanya suke, kuma me ake yi a shingen jandarma?

Ana tuƙi a hannun dama kamar a gida. Iyakar gudu 60 ce a cikin gari, 100 a wajen gari, 120 a babbar hanya. Abin da ke kama baƙo shi ne yadda alluna ke sauka daga 100 zuwa 80 zuwa 60 cikin 'yan mitoci kafin ƙauye, kuma a daidai nan jami'i yake tsaye da na'urar auna gudu. Tarar da ake biya nan take tana kamawa daga dirhami (kuɗin Maroko) 150 zuwa 400 gwargwadon laifin, kuma ana ba da rasit. A karɓi rasit ɗin. Kada a miƙa na goro, ba wurinsa ba ne, yana iya mayar da ƙaramin laifi babba.

Shingen yana da alluna biyu a ƙasa: na farko na rage gudu, na biyu na tsayawa. A allo na biyu a tsaya cak, ko da ba kowa a gaba, sai jami'in ya yi alama da hannu. Wucewa a hankali ba tare da tsayawa ba laifi ne mai tara. Ƙetare farin layi mara yankewa don wuce babbar mota shi ma haka. A ɗaura bel, kada a riƙe waya. Babbar hanya tana da wuraren biyan kuɗi, a riƙe canji, kuma kada a shiga layin da aka rubuta Jawaz sai motar tana da na'urarsa.

Ina ake barin mota a Fas da Marrakesh?

Mota ba ta shiga tsohon birnin Fas. Lungunansa na ƙafa ne da alfadari da amalanke, wasu ma mutum biyu ba sa jerawa. Kafin isowa a kira masauki a tambaye su ƙofar da ta fi kusa da su da wurin ajiye mota mai gadi, misali wajen Bab Bujlud, Ain Azliten ko Rasif. Masu amalanke suna jira a nan su kai kaya, a yi ciniki kafin a ɗora. Masu gadi suna sanye da riga mai ƙyalli, kuɗin yini 'yan dirhami ne, na kwana ya fi. Kada a bar komai a kan kujera.

A mashigar Fas akwai masu babur da ke bin motar baƙo, suna cewa hanya a rufe take ko masaukin ya tashi, su kai ka wani wuri da suke da kamasho. A yi godiya a wuce. Mai son ɗan rakiya ya nemi mai lasisi ta hannun masaukinsa, suna rataye da kati. Taswirar waya tana ruɗewa a lungunan Fas, kuma a Marrakesh tana iya jefa mota cikin kasuwar da ba wurin juyawa. A sa mata sunan wurin ajiye mota, ba sunan masauki ba.

Rabat da Maknas sun cancanci tsayawa?

Rabat rabin yini zuwa yini guda: Hasumiyar Hassan, wadda Yaƙub al-Mansur ya fara, aikin ya tsaya da rasuwarsa a 1199, da kasbar Udaya, tsohuwar unguwa mai ganuwa a bakin kogi, da kufan Shalla. Maknas birnin Maulaya Isma'il ne, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727. A ga ƙofar Bab Mansur da manyan rumbunan hatsinsa masu kaurin bango. Amma ribar wannan zangon tana kilomita 30 a arewa: kufan birnin Rumawa na Walili, da garin Maulaya Idris Zarhun a kan tudu, inda kabarin Idris na ɗaya yake. Walili ba shi da inuwa, a je da safe da hula da ruwa.

Yaya ake tsara kwanakin Fas, musamman ga mai niyyar ziyara?

Fas ta kafu a ƙarshen ƙarni na 8 a hannun Idris na ɗaya, ɗansa Idris na biyu ya mayar da ita babban birni. Daga Bab Bujlud manyan lunguna biyu suke gangarawa, Tala'a Kabira da Tala'a Sagira, dukansu suna kaiwa tsakiyar gari. Wanda ya ɓata ya tuna cewa gangara tana kai shi wajen Ƙarawiyyin, hawa kuma tana fitar da shi. A hanya akwai makarantar Bu Inaniyya ta shekarun 1350 da ta Attarin ta 1325, masu sassaƙen katako da zanen farar ƙasa da ya isa a zauna a kalla. Idan ka ji an ce "balak" daga baya, ka manne da bango, alfadari ne ɗauke da tulunan gas ko fatu.

Masallacin Ƙarawiyyin, wanda tarihi ya danganta kafa shi ga Faɗima al-Fihriyya a 859, Musulmi kaɗai ke shiga, kuma akan rufe shi tsakanin salloli. A daidaita zuwa da azahar ko la'asar. Zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani tana unguwar Bilida, 'yan mintuna daga nan. Shehun ya zauna a Fas daga 1798 har rasuwarsa a 1815, a nan kabarinsa yake. Mai zuwa daga Kano, Kaulaha ko Damagaram ba zai ji baƙunci ba, domin maziyarta daga Afirka ta Yamma ba sa yankewa. Wanda yake son zikirin Juma'a ya tsara kwanakinsa su haɗa da Juma'a bayan la'asar, ya kuma san cewa shagunan tsohon birni da yawa a rufe suke ranar. Majemar Shawara kuwa da safe ake zuwa, lokacin da ramukan rini suke cike ana aiki. Ana kallonta daga saman shagunan fata, suna ba da ganyen na'ana'a saboda wari, kuma hawa bai wajabta saye ba.

Sijilmasa ta kai a yi mata wannan doguwar tafiya?

Wanda ke tsammanin gine-gine irin na Fas ba zai same su ba. Abin da ya rage 'yan bangayen laka ne da tarin ƙasa a gefen Risani. Amma wurin yana da nauyi: an kafa birnin a 757, kuma ƙarnuka da dama daga nan ayari ke tashi zuwa ma'adinin gishirin Tagaza da Walata da Tumbuktu, ya dawo da zinariya. Daga nan Ibn Baɗuɗa ya tashi zuwa Mali a 1352. A kusa akwai hubbaren Maulaya Ali Sharif, kakan gidan sarautar da ke mulkin Maroko yau, da ƙauyukan laka masu ganuwa da har yanzu mutane ke zaune ciki. Kasuwar Risani tana ci Lahadi, Talata da Alhamis, kuma a ranar kasuwa ne garin yake nuna kansa: dabino buhu-buhu, tumaki, da filin da aka ware don ɗaure jakuna.

Hanyar ita kanta rabin lada ce, daga dajin al'ul na Azru mai birai zuwa kwarin Ziz da dabino ya cika. A raba ta biyu kamar yadda aka faɗa a tambayar kwanaki. A cika tanki a Midelt da Rashidiyya. Bayan ruwan sama kwazazzabai suna kawo ambaliya kan kwalta cikin mintuna. Idan ruwa na gudu a kan hanya, a jira ya janye.

Tsaunin Tishka yana da haɗari?

Hanyar N9 tana hawa har mita 2,260. An faɗaɗa sassanta da dama, amma kwanoninta suna nan. A tashi daga Warzazat da safe, a ratse tsohon ƙauyen laka na Ait Bin Haddu, kusan kilomita 30 daga garin, sannan a hau. Kada a bi ta da dare. Wajen gangara a sa giya ta biyu ko ta uku inji ya riƙe motar. Mai taka birki ba ƙaƙƙautawa yana ƙona shi, alamarsa wari da laushin feda, kuma idan haka ta faru sai a tsaya a gefe ya huce. Idan allurar zafi ta tashi wajen hawa, a kashe na'urar sanyi a tsaya, kada a buɗe murfin lagireto da zafinsa. Girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023 ta fi yin ɓarna a yamma, wajen hanyar tsaunin Tizi n'Test da masallacin Tinmal. Mai son bin waccan hanyar ya tambayi halin da take ciki tukuna.

Me ya kamata a gani a Marrakesh ban da dandalin Jami'ul Fana?

Sarakunan daular Murabiɗai ne suka kafa birnin wajen 1070. Hasumiyar Kutubiyya, mai tsawon mita 77, aikin daular Muwahhidai ce, wadda ta gaji Murabiɗai. Fadar Badi'i ta Ahmad al-Mansur ce, sarkin da rundunarsa ta karya daular Songhai a 1591, kuma zuwa wannan birni aka kawo Ahmad Baba na Tumbuktu a tsare, ya yi shekaru yana karantarwa kafin ya koma gida.

Ga almajirin ilimi kuwa akwai waliyyan birnin bakwai. Cikinsu akwai Alƙali Iyal, mai Ashafa, wanda ya rasu a 1149, kabarinsa na kusa da Bab Ailan, da Imam Jazuli mai Dala'ilu, zawiyarsa a arewacin tsohon birni, da Abul Abbas as-Sabti. Wuraren a warwatse suke. A ɗauki ƙaramar tasi zuwa ƙofa mafi kusa, a ce direba ya kunna mita, a ƙarasa da ƙafa. A dandali kuma, duk wanda ka ɗauki hotonsa, mai maciji ko mai biri, zai nemi kuɗi.

Yaya batun kuɗi da waya?

Ba a canjin naira ko sefa cikin sauƙi a Maroko. A taho da dala ko yuro, a canza kaɗan a filin jirgi, saura a cikin gari. Dala ɗaya tana kai-kawo kusa da dirhami 9 zuwa 10. Dirhami ba kuɗin da ake fita da shi da yawa ba ne, don haka a adana rasit ɗin canji don mayar da ragowa. A kudu da cikin kasuwanni tsabar kuɗi ke aiki. Layin waya na Maroc Telecom, Orange ko Inwi ana samunsa da fasfo a filin jirgi. A sauke taswira a waya tun a gari, saboda sabis yana ɗaukewa a kan tsauni.

Salla da abinci fa?

Mutanen Maroko Malikawa ne, da ruwayar Warshu suke karatu, kuma a masallatai da yawa ana karanta izu ɗaya tare bayan asuba da magariba. Manyan gidajen mai a babbar hanya suna da masallaci da wurin alwala. Kusan duk zangon wannan zagaye ya haura nisan ƙasaru, wato kusan kilomita 80, amma wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ɗaya zai cika salla. Abinci halal ne. A kan hanya ana sayen nama da kilo a wurin mahauci, mai gashi na gefensa ya gasa, ana biyan kowa daban. Ranar Juma'a ta kuskus ce. Abincinsu ba yaji, mai so ya taho da garin yajinsa.

Idan an yi hatsari ko mota ta lalace, me ake yi?

A kira kamfanin haya kafin a taɓa komai, lambar taimakonsu tana kan kwantiragi. Gyaran da aka yi ba da izininsu ba yana iya cinye kuɗin jingina. Idan ƙaramin karo ne ba rauni, direbobin biyu suna cike takardar sulhu ta inshora, kowa ya sa hannu. A tabbatar tana cikin motar tun ranar karɓa, kuma kada a sa hannu kan abin da ba a fahimta ba, domin da Faransanci da Larabci take. Idan akwai rauni, kada a gusar da motar, a kira 19 don 'yan sanda a cikin gari, 177 don jandarma a wajen gari, 15 don motar asibiti. A ɗauki hoton motocin biyu, lambobinsu da takardar inshorar ɗaya direban, a kuma nemi lambar rahoton jami'ai, domin kamfanin haya zai buƙace ta.